Takobi, ƙwaya da yaran unguwarmu a Jidda

Sana'ata kargo ce. Alhazai da masu Umara su jibgo tsaraba ta wuce kilon da jirgi ya ba su, su kawo mini shago, in auna, in naɗe, in tura Kano ko Yamai. Wanda duk ya san ni kuma ya san dokata guda: ba na ɗaukar ƙullin da ban kwance da hannuna ba, musamman idan zan dawo daga gida. A wata tafiya da na yi Kano, wata tsohuwa ta kawo saƙon da zan kai wa 'yarta a Makka. Da ta ga na fara kwancewa sai ta ce, "Haba ɗan nan, daddawa ce fa da yaji, ni zan cuce ka?" Na ce, "Inna, ba ke nake tsoro ba, wanda ya ƙulla miki nake tsoro." Na bi kowane curi na soka masa wuƙa tana kallo. Daddawar ce kuwa, babu komai. Ta tashi ko sallama ba ta yi mini ba.

Wanda ba ya zaune a ƙasar nan zai ga kamar tsanani ne. To a Saudiyya shigo da ƙwaya laifin kisa ne. Tun 1987 Majalisar Manyan Malamai ta yanke cewa mai fasaƙwaurin miyagun ƙwayoyi hukuncinsa kisa, kuma tsofaffin matafiya za su tuna katin nan da ake cikewa a jirgi kafin sauka, wanda aka rubuta gargaɗin a jikinsa da jan rubutu. A farkon 2021 aka sanar an dakatar da zartar da kisa a kan laifin ƙwaya, a Nuwamban 2022 aka ci gaba. A 2024 kaɗai an zartar wa sama da mutum 300 hukuncin kisa a ƙasar, fiye da 100 daga cikinsu a kan ƙwaya. Ni baƙo ne, ba na gyara wa masu gida shimfiɗarsu. Amma 'ya'yanmu da maƙwabtanmu suna cikin waɗanda abin ke shafa, don haka muna da bakin tattaunawa a tsakaninmu.

Mutum biyu ne suka sa ni wannan rubutu. Na farko ɗan yayata, wanda ke karatu a Turai, ya turo mini doguwar murya a WhatsApp: "Kawu, duk duniyar da ta ci gaba ta gane yaƙi da ƙwaya asara ce. A halatta kawai, gwamnati ta sayar mai tsafta, ta karɓi haraji, 'yan fasaƙwauri su rasa kasuwa." Na biyu wani dattijo da muke zama da shi bayan Isha, wanda ya fi shekara arba'in a ƙasar nan, duk muna ce masa Baba Alhaji. Shi maganarsa ɗaya ce: "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ba don takobi ba, da Jidda ta zama wani abu daban."

Bari in fara da Baba Alhaji, don maganarsa ta fi nauyi a wajen mutanenmu.

Tabbas tsoro yana aiki. Yana aiki a kaina, shaida ita ce daddawar Inna. Sai dai ni ina da shago, ina da iƙama, ina da yara a makaranta, kuma ko da babu takobi ban da niyyar safarar komai. Wanda ake so tsoron ya kama shi ne wanda zai ɗauko. To wa ke ɗaukowa? A rahoton da ƙungiyar Amnesty ta fitar a 2025, ta ce cikin waɗanda aka kashe a kan ƙwaya a ƙasar nan cikin shekaru goma da suka gabata, kusan uku cikin huɗu baƙi ne: 'yan Pakistan, Siriya, Somaliya, Habasha, Yaman, Jodan, har da 'yan Najeriya. Direban babbar mota, masunci, makiyayin da ya ƙetaro iyakar Jizan da buhu a ka, matar da ejan ya biya wa kuɗin Umara ya ce ta riƙe masa jaka ɗaya. Mutumin da bashi ya shaƙe, aka ce masa ga abin da ba zai samu a shekara biyu ba, kuma aka rantse masa cewa goma sun wuce lafiya kafin shi, ba tsananin hukunci yake lissafawa ba. Abin da yake lissafawa shi ne ko za a kama shi, kuma zuciyarsa tana gaya masa ba za a kama shi ba.

Masu kayan kuwa suna can nesa. A Afrilun 2021 jami'an kwastan na tashar ruwan Jidda, nan kusa da mu, suka kama ƙwayar Captagon sama da miliyan 5 an cusa cikin 'ya'yan rumman daga Labanon, har Saudiyya ta hana shigo da kayan lambun ƙasar. A Agustan 2022 aka kama kusan miliyan 47 cikin buhunan fulawa a Riyad. Wannan fa shekara 35 ke nan bayan dokar kisa. Ƙwayar nan, da samari ke kira Abu Hilalaini saboda jinjirin wata biyu da ke jikinta, asalinta magani ce da aka ƙirƙira a Jamus a 1961, aka haramta ta a shekarun 1980, daga baya masana'antun Siriya suka maye gurbin da ta jabu lokacin yaƙi. Mai masana'anta ya riga ya sa asarar ɗan aike cikin lissafin farashinsa. An kama wannan, gobe ya sami wani, don talauci ba ya ƙarewa.

Baba Alhaji ya ce, "To ka san yadda abin zai kasance da babu dokar?" Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce ta sa masana suka daɗe suna ja. A 2012 Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ta duba nazarce-nazarcen shekaru kusan talatin a kan ko hukuncin kisa yana rage kisan kai, ta ce ba su isa hujja ba ta kowane ɓangare. Amma muna da abin da muka gani da idonmu. A Afrilun 1985, zamanin mulkin soja na Buhari, an harbe mutum uku a Legas a kan ƙwaya ƙarƙashin Doka ta 20. Shekara huɗu bayan nan, a 1989, sai da aka kafa NDLEA saboda safarar ba ta tsaya ba. Iran ta rataye dubbai a kan ƙwaya, har majalisarta ta sassauta dokar a 2017, kuma har yau tana cikin ƙasashen da shan ofiyom ya fi yi wa katutu.

Abin da na ga ya canza halin mutane a ƙasar nan shi ne Sahir, kyamarorin titi da aka fara kafawa a 2010. Duk wanda ya yi tuƙi a Jidda kafin nan ya san yadda ake tsere a titin Madina, alhali kowa ya san gudu yana kisa, kowa yana da wanda ya binne. Mutuwa ba ta sa an ɗaga ƙafa ba. Tarar 'yan ɗaruruwan riyal da za ta shigo wayarka tabbas, ba roƙo, ba "don Allah ya askari", ita ta sa. Wani masanin shari'a ɗan Italiya, Beccaria, ya faɗi haka tun 1764: tabbacin hukunci, ko da mai sauƙi ne, ya fi tsananinsa hana laifi. Na'urar duba kwantena, karen sansano, bin sawun kuɗi, da jami'in da ba ya karɓar na goro, su ne Sahir ɗin ƙwaya.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Mutanenmu ba su manta da ɗalibar nan ta wata jami'a a Kano ba, wadda aka kama a Madina a Disamban 2018 bayan ta zo Umara da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. An sami jaka mai tiramadol da sunanta a jiki. Binciken NDLEA ya gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin Kano suka maƙala sunanta a jakar da ba ta taɓa gani ba. Ta yi wata huɗu a tsare, aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan iyayenta sun yi ta kai kawo, jaridu sun ɗauka, gwamnati ta sa baki. Na sha tambayar kaina, da 'yar wani manomi ce daga ƙauyen da babu mai jin kukansa fa? Ga shari'a da Larabci, ga tafinta da ba lallai ya san Hausar mutum ba. Ɗauri ana iya buɗe ƙofa a ce yi haƙuri. Malamanmu sun karantar da mu cewa ko haddi ana tunkuɗe shi da shubuha, balle wannan da su kansu suka ce ta'aziri ne, wato hukuncin da aka bar wa shugaba ya auna.

Da na faɗi wannan sai ɗan yayata ya ɗauka na koma ɓangarensa. A'a.

Na ce masa, yaro, Fotugal ɗin da kake kafa hujja da ita ba ta halatta komai ba. Abin da ta yi a 2001 shi ne, wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, ba kotu za a kai shi ba, gaban wani kwamiti za a kai shi mai likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, a tura shi magani. Dillali har gobe ɗan kurkuku ne. Kuma sun zuba kuɗi a asibitoci, shi ya sa cutar ƙanjamau ta ragu sosai cikin masu allura. Jihar Oregon ta Amurka ta kwaikwayi rabin abin a 2020, ta cire hukunci kafin wuraren magani su tsaya da ƙafarsu, tituna suka cika da masu maye, a 2024 ta janye dokar. Ita Amurkar ma, annobar da ta kai ga mutuwar sama da mutum 100,000 a shekara, da magani na halal ta faro, OxyContin, wanda likitoci ke rubutawa, kamfani mai rajista ke sayarwa, gwamnati na karɓar harajinta. Ba sai mun je nesa ba. Kodin da ya lalata matan aure da 'yan mata a Kano a kemis ake sayar da shi, da lambar hukuma a kwalba, har zuwa Mayun 2018 da aka hana bayan binciken BBC. Tsaftar kaya ba ta hana kowa kamuwa ba.

Kuma shi ɗan yayan nawa bai ga shabu ba, wato ƙwayar nan ta methamphetamine, ni na gani. Akwai yaron maƙwabtanmu, haifaffen nan, wanda da shi muke aika ya sayo mana tamis da ful da safe. Cikin shekara guda kumatunsa suka zurma, haƙoransa suka fara ruɓewa, ya kwana uku bai runtsa ba yana kwance fankar ɗaki wai an sa masa na'urar leƙen asiri a ciki. Ranar da ya ɗauko wuƙar kicin ya nufi ƙanwarsa yana cewa ita ke kai rahotonsa, mu huɗu muka danne shi. Ka ce in yarda a buɗe shagon wannan abu kusa da baƙala, wato kantin unguwa? Musulmi ma ba shi da wannan zaɓi, abin da ya gusar da hankali haramun ne, magana ta ƙare.

Abin da nake so a rarrabe shi ne mai sha da mai sayarwa. Addininmu ya riga kowa a nan. Giya a mataki-mataki aka hana ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma Nana A'isha ta ce da hanin ne ya fara sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa bari ba. A Bukhari akwai sahabin da aka yi ta kawowa ana yi masa bulala a kan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a fitar da shi daga cikin jama'a ba.

Abin da yawancin mutanenmu ba su sani ba, dokar ƙwaya ta Saudiyya ta 2005 ita ma ta buɗe wannan ƙofa. Sashe na 42 ya ce idan mai sha ya kai kansa neman magani, ko iyayensa, ko matarsa, ko wani ɗan'uwa ya kai shi, kuma ya miƙa abin da ke hannunsa, ba za a gurfanar da shi ba. Ga asibitocin Irada, waɗanda da ake kira Amal, an yi su don haka. Duk mai iƙama da ke da irin wannan yaro a gida, ya daina ɓoyewa, ya kai shi.

Matsalarmu ita ce waɗanda ba su da takarda, kuma a unguwannin Jidda da na Makka ba kaɗan ba ne. Uwar yaron da na faɗa haka take. Da na ce mata, "Hajiya, a kai shi asibiti," sai ta ce, "Alhaji, in kai shi da wace takarda? So kake a kwashe mu gaba ɗaya a kai Shumaisi, inda ake tsare marasa takarda?" Ta kulle shi a ɗaki, ta kira mai ruƙiyya, ta sayar da 'yan kunnenta ta biya. Wasu suka ba ta shawarar ta tura shi gidan mari a gida. Na tuna mata abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Ta yi shiru.

Yanzu dai dattawan unguwa sun fara karo-karo, Baba Alhaji ma ya sa nasa, da niyyar a biya masa kuɗin kwanciya a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, idan ya bi tarhil, wato hukuma ta mayar da shi gida, ya sauka. Inda muka tsaya shi ne, yaron bai taɓa taka Najeriya ba, Hausarsa ma rabi Larabci ce, kuma kawunsa ɗaya da muka samu lambarsa a Kano ya ce sai ya yi shawara da matarsa tukuna.