Talata, 18 bisa 20

Da ƙyar na fita yau. Auta ya ɓatar da takalmin makaranta, Abbansu ya ce shi ba ruwansa, sai a bayan buhun shinkafa muka tsinci ƙafa ɗaya. Ga hazo, ga cunkoso a Ɗan Agundi. Da na iso Hajiya Babba ta dube ni ta dubi agogo, ba ta ce uffan ba.

Kun san yau ne gwajin OSCE, wato gwajin nuna aiki a aikace, na ɗalibanmu nas-nas 'yan aji uku, share fagen jarrabawar Kansil, hukumar da ke ba nas-nas lasisin aiki. Tasha-tasha ne, kowace minti biyar, ƙararrawa na kaɗawa ɗaliba ta matsa gaba. Ni aka ba tashar awon ciki. Wata 'yar aji ɗaya muka sa ta zama mai cikin, ta cusa filo a ƙarƙashin hijabi tana tafe tana dafe ƙugu, sai da na ce ta rage iyayi, dariya ta hana mu farawa. Abin da muka rubuta mata kaɗan ne: cikin fari, wata takwas, idan an ɗaura mata abin awon jini ta ce kanta na ciwo tun jiya, kuma tana gani dishi-dishi. Ni kuma in ɗaga kati mai ɗauke da 160/110.

Yarinyar nan mai farin gilashi da ke zama a layin gaba ta shigo. Sallama, ta faɗi sunanta, ta ja labule, ta wanke hannu har tsakanin yatsu, ta nemi izini, ta daidaita hannun da ƙirji, ta lalubo jijiya kafin ta ɗora abin saurare. Birona bai huta ba, akwati bayan akwati ina cikewa a takardar maki. Mai ciki ta faɗi nata. Yarinya ta langaɓe kai ta ce, "Ayya, sannu Hajiya, Allah ya sauwaƙe." Ta rubuta 160/110 da rubutunta mai kyau, ta naɗe abin awo, ta yi godiya, ta sake wanke hannu, ta tsaya tana jiran ƙararrawa. Maki 18. Akwati biyu kawai ta rasa, na fassara sakamako da na sanar da babba.

Can wajen ƙarshe sai ga mai shirun nan da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ba ta ja labule ba, ba ta faɗi sunanta ba, hannu ma sama-sama ta wanke. Amma da ta ji ciwon kai da dishi-dishi, ta ga katin, sai ta saki abin awon. Ta kama hannun mai ciki ta duba yatsu da fuska ko da kumburi, ta tambaye ta ko ƙahon zuciyarta na ciwo, ko ɗa yana motsi. Ta juyo gare ni, murya na rawa: "Malama, a gwada fitsarinta yanzu, a kira likita, kada a bar ta ta tafi gida, jijjiga ce ke tafe." Ƙararrawa ta kaɗa ba ta tattara kaya ba, ba ta rubuta komai ba. Na lissafa, na sake lissafawa. Maki 12.

Wannan ne ya tsaya mini a maƙoshi har na kasa cin alalar da na saya.

A ɗakin malamai na ajiye wa Malam takardun biyu a gabansa. Na ce, "Malam, don Allah cikin biyun nan wace za ka miƙa wa 'yarka tana da ciki?" Ya gyara hula, ya karanta a tsanake kamar yadda ya saba, ya ce, "Hajiya, na gane inda kika dosa. Amma ke ba ki ga zamanin da muka yi ba. Za a kai ka gaban gado a asibiti, in ka yi sa'ar mara lafiya mai sauƙi da mai jarrabawa mai fara'a ka wuce, in ka haɗu da wanda ya taso da ɓacin rai ka faɗi, babu mai tambayarsa dalili. Takardar nan da kike raina wa ita ce ta raba mu da 'yar wane da ɗan wane. Gobe uban yarinya ya zo da ƙorafi, akwati za ki nuna masa ko abin da zuciyarki ta raya miki?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Ronald Harden da abokansa da suka fito da OSCE a Dundee ta Scotland a 1975, wannan cutar suka zo magancewa: kowa ya bi tashoshi iri ɗaya, a auna shi da mudu ɗaya. Ban taɓa cewa mu koma gidan jiya ba.

Na ce masa amma akwai binciken da na ci karo da shi lokacin da nake haɗa babi na biyu na aikin bincikena. A 1999 Brian Hodges da abokan aikinsa a Toronto ta Kanada suka sa ɗaliban likitanci, da likitoci masu neman ƙwarewa, da gogaggun likitoci suka gana da masu kwaikwayon rashin lafiya. Aka ba su maki ta hanya biyu. A takardar akwatuna gogaggun ne suka zo ƙasa da ɗalibai, amma da aka duba aikin gaba ɗayansa su ne a sama. Dalilin a fili yake: wanda ya ƙware ba ya jero duk tambayoyin duniya, yana jin abu ɗaya ya san inda zai nufa. Takardarmu tana biyan mai yawan matakai ne, wanke hannu maki ɗaya, gane cewa mace na dab da jijjiga shi ma maki ɗaya.

Malam ya ce likitoci ne aka gwada, ba nas-nas ba, kuma namu ɗalibai ne, dole su bi mataki-mataki kafin su fara tsallake. Na ce na yarda, wanke hannu ba abin wasa ba ne, mai shirun ma sai na zaunar da ita a kansa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Mu ware abubuwa biyu ko uku a kowace tasha waɗanda in aka tsallake su ba a ci tashar ba, komai yawan sauran makin. Sannan a ƙasan takarda a bar layi guda da mai jarrabawa zai ce ta ci, tana kan iyaka, ko ba ta ci ba, a haɗa da akwatunan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Mu dai mu shirya su yadda za su haye jarrabawar Kansil. Sauran aiki zai koya musu." Aka kira azahar, ya miƙe.

Aiki zai koya musu. A kan wa?

George Miller a 1990 ya jera matakan ƙwarewar nan huɗu da muke zana wa ɗalibai a allo: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna, sannan yana yi. OSCE a na uku ta tsaya. Na huɗun ba ma a nan za a yi shi ba. Wata ƙaramar asibiti ce a ƙauye, tsakar dare, babu likita, babu wuta, ita kaɗai da fitilar waya, an kawo mace a bayan babur. Mai gilashin ba daƙiƙiya ba ce, in na tambaye ta alamomin jijjiga a rubuce za ta zubo su har da maganinta, magnesium sulphate. Mu muka nuna mata inda maki yake, ta bi.

Abin da ya ƙara dagula ni, ba mu zauna da su bayan gwajin ba, an ce lokaci ya ƙure. Babban binciken nan na Amurka na 2014 kan ɗaliban nas da kowa ke kafa hujja da shi, wanda ya nuna ana iya maye har rabin sa'o'in asibiti da atisaye a ɗakin gwaji, ya gindaya sharaɗin malamai masu horo da zaman bita bayan kowane atisaye. Mu maki kawai za a liƙa a allo ranar Alhamis. Mai 18 za ta yi murna, mai 12 za ta ɗauka kuskure ta yi da ta tsaya.

Da yamma na biya ta Zoo Road karɓo ɗinkin Yaya, tela ya ce sai jibi. Tuwo miyar kuɓewa. An kawo wuta bayan isha'i, na yi caji.

Na sake tsara takardar tashar na tura wa Malam ta WhatsApp. Ya buɗe, ya rubuto "mu gani". Gobe kafin darasin farko zan kira su biyun ofis, tare, in sa kowace ta faɗa wa 'yar'uwarta abin da ta yi a cikin minti biyar ɗin. Filon kuwa na Hajiya Babba ne ashe, tun ɗazu take kirana tana nema.