Lahadi, a kan dutse

Tun ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta, muka kwashi tabarmi muka fito tsakar gida. Bangon ɗaki har asuba yana amayo zafin da ya sha da rana, in ka dafa shi sai ka ce gefen tanda. Auta ya yi ta juyi, ƙurajen zafi duk sun feso masa a wuya. Ni barci ya ƙi zuwa, sai na koma kan hotunan da wani abokina na Agadas ya turo jiya.

Shi dai akwai shi da neman magana. Wai ya hau dutsen Bagzan da ke yankin Agadas, ga shi da rigar sanyi a jiki, a watan Afrilu! Bayansa lambun albasa da tafarnuwa, jakuna na gangarowa da buhuna ta wata siririyar hanya tsakanin duwatsu. Ya ce kullum da safe yana bin hanyar jakunan nan a guje. A ƙasan hoton ya rubuta: "Ku dai ku ci gaba da dahuwa."

Na kwanta ina lissafi. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana sauka da wajen digiri shida da rabi. Ƙololuwar Bagzan mita 2,022 ce, Damagaram inda muke kuwa ba ta kai 500 ba. Kusan digiri goma ke nan tsakaninmu. Ranar da muke 43, shi yana 33, yana hura hanci. A Amurka ma abin da mutanen Finiks suke yi ke nan: zafin hamada ya ishe su, su shiga mota su yi awa biyu da wani abu su hau Filagistaf, mai tsayin wajen mita 2,100, su yi gudunsu cikin itatuwa su dawo. Ni kafin in ga Agadas kaɗai sai na ci kilomita ɗari huɗu da ɗoriya ta Tanut da Adarbisanat, sannan a fara maganar dutse. Ga aiki gobe.

To amma ai mu ma Allah bai hana mu duwatsu ba.

Ana sallame sallar asuba na ɗaura takalman nan da na saya a Kasuwar Dole jikka bakwai, waɗanda Maman Auta take kira "takalman asara", na cika gora da ruwan randa, na hau babur. Na ajiye shi wurin mai shayi, na kama hawa.

Gaskiya na ji daɗi. Dutsen nan yana da kaushi, takalmi yana kama shi tsaf, ba kamar yashin unguwa ba da ke janye ƙafar mutum baya. Sai dai ido ya tsaya a ƙasa: nan tsaga, nan ƙaya, nan kashin awaki, can leda ta maƙale a rami. Inda ya miƙe sosai na daina yaudarar kaina, na dafa gwiwa na taka a hankali. Ƙadangaru ba su ma fito ba tukuna. Da na kai sama sai ga Birni a shimfiɗe, ga fadar Sarki, ga hasumiyar masallaci, hayaƙin masu koko yana tashi ɗaiɗai. Wata iska ta bugo ni a ƙirji, rigar da ta jiƙe sharkaf ta yi sanyi. Na san tsayin wurin bai isa ya rage ko rabin digiri ba, zufa ce kawai da iskar safiya. Duk da haka na ɗauki hoto na tura Agadas, na rubuta: "Namu Bagzan ɗin."

Na hau na sauka sau huɗu. A saukar ƙarshe rana ta ɗago, dutsen ya fara ɗumi a tafin hannu. Ina isowa ƙasa na buɗe gora, na kurɓa sau biyu, sauran na tuttule shi a ka.

Sai da ruwan ya gama bin wuyana na lura da shi. Wani dattijo garuwa, kurarsa ta kafe a yashi, jarka goma cike. Ya jingina da ita yana huci, silifas ɗinsa ɗaya an ɗaure da waya. Kallon ruwan da ya zuba a ƙasa yake yi, yashi ya riga ya shanye.

"Sannu Baba, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Tun ɗazu nake hangen ka. Wa ya koro ka?"

Na yi dariya na ce babu kowa, motsa jiki nake.

"Ka hau, ka sauko, ka sake hawa. Na ce ko akuya ce ta ɓace maka." Ya goge fuska da gefen rawani. "In ƙarfi ne ya yi maka yawa, ai ga motsa jiki nan, har da lada."

Yana murmushi ya faɗe ta, babu faɗa a ciki. Na kama ƙarfen kurar muka tura tare. Jarka goma mai lita 25, kilo 250 ke nan ban da nauyin kurar kanta, tayoyin kuma sun nutse. Bai fi taku sittin ba muka fita yashin, amma cinyoyina sun yi rawar da ba su yi a kan dutsen ba. Shi kuwa ko tsayawa bai yi ba. Ya waiwayo ya ce, "Allah ya yi albarka. Gobe ma nan nake bi." Ya wuce.

Wannan maganar ce ta hana ni sakat yini guda. Wasa yake yi, ko da gaske? Na laluba aljihu lokacin, na kuma fasa, don na ji kunyar in miƙa masa kuɗi bayan ni na zubar da abin da yake sayarwa. Sai nake ta kare kaina a zuci kamar ana shari'a. Likita ne ya ce in dinga tafiya saboda hawan jini. Ruwan randata ne, da kuɗina na saya. Gudu ba laifi ba ne. Duk gaskiya ne. Amma a bazarar Damagaram, inda famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, mata na kwana a layi da jarkoki, ni na tashi da asuba na je neman gajiya, na kuma wanke ta da rabin lita a gaban mutumin da ya kwana da tasa.

Na ba Maman Auta labari, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce tun da abin ya zama haka, ga randuna biyu babu komai a ciki, kuma ba sai na hau babur ba. Inna kuma da ta ji, cewa ta yi ita tun farko ba ta ga dalilin da magidanci mai iyali zai dinga tsalle a kan duwatsu ba, wurin da ko a da ba a son yara su je da tsakar rana.

Azahar: 44 a waya. Ƙanƙara ta yi tsada. Fura. Wuta ta dawo da la'asar, ta sake tafiya kafin fanka ta gama juyawa.

Na Agadas ya amsa da fuskar dariya guda uku, ya ce dutsen nawa ko jaki ba zai kira shi hawa ba. Ban mayar masa ba.

Takalman suna bakin ƙofa, yashi cike a ciki. Na saita agogo ƙarfe huɗu da rabi, na kashe, na sake saitawa. Akwai wata hanyar saukowa ta bayan dutsen wadda ba ta bi ta yashin nan.