Takardar tafiya tana iya mutuwa kafin ranarta

Ƙannena masu fara fita fatauci, da masu zuwa ganin dangi a ƙetaren iyaka, ku ba ni hankalinku kaɗan. Kowace takardar tafiya tana da wa'adi iri biyu, amma yawancinmu ɗaya muka sani. Akwai ranar da takardar za ta ƙare, wadda aka buga a jikinta. Akwai kuma kwanakin da ƙasar da ka shiga ta yarda ka zauna. Fasfon Kamaru shekara 5 yake yi, amma hakan bai ba ka shekara 5 a ƙasar kowa ba. Tun 2017 ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, wato Kamaru, Chadi, Gabon, Kongo Brazzaville, Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriya, suka amince ɗan kowacce ya shiga sauran ba tare da biza ba, muddin zamansa bai wuce kwana 90 ba. Mai son zarce haka sai ya nemi takardar zama.

Ni a nan ƙafata ta fara zamewa. Na haye gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Injamena don karɓo kuɗin kaya, waɗanda nake bi bashi suka yi ta yi mini yau da gobe. Gidan kawuna na sauka, sefar da nake kashewa a Marwa ita nake kashewa a can, a kasuwa kuma ban rasa masu jin Hausa ba. To ta ina zan tuna cewa ni baƙo ne? Sai ranar komawa jami'i ya buɗe shafin hatimin shiga, ya ƙirga watannin da yatsunsa. Na ce ai fasfona da sauran shekaru. Ya ce ba shekarun fasfo yake tambaya ba. Gaskiyarsa ce. Tara da ɓata lokaci suka cinye ribar tafiyar.

Saboda haka hatimin shiga shi ne shaidarka. Kada ka bar wurin sai ka ga an buga shi, kuma ranar tana karantuwa. Mai cewa zo mu bi ta kwalekwale a kogin Logon don gudun layi, ba zai tsaya maka ba ranar da aka tambaye ka yaushe ka shigo. Resepisen da ake ba mu kafin katin ɗan ƙasa ya fito kuwa, kada ka dogara da shi a bakin iyaka.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na biyu. Fasfona ya ɓace, na je na ba da rahoto kamar yadda ya kamata. Bayan wani lokaci uwargida ta tsinto shi a aljihun wata babbar riga da na daɗe ban sa ba. Na yi hamdala, na ɗauka magana ta wuce, har na shirya tafiya da shi. Ashe daga ranar da ka ce fasfo ya ɓace ana soke shi, kuma ƙasashe kan tura lambar irin waɗannan fasfo ga rumbun bayanan 'yan sandan duniya, Interpol. Ko da sabo ne fil, ya riga ya mutu, mai riƙe da shi kuma sai ya yi bayanin yadda ya zo hannunsa, ko da hotonsa ne a ciki. Na juyo gida, na sake biyan kuɗin sabo, wanda tun 2021 ya zama sefa 110,000. Haka ma fasfon da ruwa ya jiƙa, ko shafi ya yage, ko wanda aka mayar littafin rubuta lambobin waya, ana iya ƙin karɓarsa.

Biza ita ma da nata ƙa'idojin. Mai shiga ɗaya, da ka fita ta ƙare, ko da sauran watanni a jikinta. Wadda aka ba ka don ziyara, idan aka same ka kana aiki da ita, ana iya soke ta nan take. Masu zuwa umra su maƙale sun san ƙarshen abin: kamu, korowa gida, da hana komawa Saudiyya na tsawon shekaru. Saudiyyar kuma, kamar ƙasashe da yawa, tana son fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka duba naka tun kafin ka biya kuɗin jirgi.

Katin allurar shawara ne kaɗai ba ya tsufa. Tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sabunta bayan shekara 10 kamar da ba. Sai dai katin ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan an yi maka allurar, don haka wanda zai tashi Juma'a kada ya je asibiti Laraba.