Bakin madatsa, bayan ruwan daren jiya

Laraba, tsakiyar Agusta.

An kwana ana ruwa, tafkin ya cika har saura kamar santimita 60 ya kai saman madatsa. Wannan ya yi kaɗan. Madatsar ƙasa ta ƙauye mai tsayin mita 4 ko 5 tana son a bar mata aƙalla mita 1 tsakanin ruwa da samanta, domin ƙasa ba ta jure ruwa ya bi ta kanta. Da ya fara tsallakawa sai ya ci bayanta, wurin ya yi ta faɗi, cikin sa'o'i kaɗan ta ɓalle, duk abin da aka tara ya sauka kan gidajen da ke kwari lokaci guda.

Matsalar tana wurin mafitar rarar ruwa. An jera buhunan yashi a bakinta don ruwan noman rani ya ƙaru, kara da ciyawa suka taru a kai. Na fahimci buƙatar manoman, amma wannan ganganci ne, kuma kafin azahar muka kwashe su. Mafita ita ce ran madatsa. A ƙasar asali ake yankarta, can gefe, ba a jikin cikon ba. Ta yi faɗi, a shimfiɗe ta da duwatsu, ta kai ruwan rafi nesa da gindin madatsar.

Da yamma muka bi bayan madatsar a ƙafa. Akwai yoyo a wuri ɗaya, amma ruwan garau yake, hankali ya ɗan kwanta. Abin tsoro shi ne yoyo mai laka, alamar ruwa na jan ƙasa daga ciki. Kuma ba a toshe shi da yumɓu ta baya, sai ya nemi wata hanya. Yashi ake fara zubawa, sai tsakuwa, sai dutse, ruwa ya wuce ƙasa ta zauna.

Mun ga suri guda da ramukan gafiya. Ramukan an cike su yau, surin kuwa sai ruwa ya ja baya. Za a tone shi har ƙarshe a mayar da yumɓu hawa-hawa, kowane hawa santimita 15, a yayyafa ruwa a daɓe kafin a ƙara wani. In ka dunƙule ƙasar ta riƙe ba ta ɗiga ba, danshin ya yi daidai. Ƙananan dogonyaro da suka tsiro an tumɓuke su, don saiwa in ta ruɓe hanya take bar wa ruwa. Jema ko kirikiri ya kamata a dasa.

Madatsar Bagauda a jihar Kano ta ɓalle a 1988, ta Alau kusa da Maiduguri a Satumbar 2024, ga kududdufan birnin Kano da ke shanye ruwan unguwanni ana ta cike su ana gini. Abin yana damuna ƙwarai.

Hadari ya sake haɗowa a gabas. An kafa sanda mai alama a bakin ruwa, matasa za su riƙa haska ta da tocila cikin dare, in ruwan ya haura jan layi a tashi mutanen kwari.