Garwa, Rijiya da Lissafi: Abin da Na Koya a Tarihin Shell

Masu karatun kasuwancin mai sukan fara da tambarin Shell, katantanwar nan mai ja da rawaya. Ni a ganina daga garwar kananzir ya kamata a fara.

A 1833 Marcus Samuel ya buɗe kanti a Landan, cikin hajarsa har da ɓawon katantanwar teku na ado. Ɗansa, shi ma Marcus, shi ya shiga harkar kananzir. A lokacin Standard Oil na Rockefeller ke riƙe da kasuwar Asiya, yana aika kananzir cikin garwa, a zagayo da shi ta ƙasan Afirka. Samuel ya lura cewa kuɗin garwa da tsawon hanya su ke cinye riba. Sai ya sa aka ƙera masa jirgin da ake zuba mai a cikinsa tsagwaro, da sararin da man zai kumbura in zafi ya buge shi, da tankunan da ake wankewa da tururi don a dawo da shinkafa maimakon a dawo fanko. Da wannan ya samu izinin bi ta mashigin Suez, wanda a da ake hana irin wannan kaya don tsoron gobara. A 1892 jirginsa mai suna Murex ya ɗauko kananzir daga tashar Batum ta Bahar Aswad ya wuce zuwa Singafo da Bankok.

Ashe akwai abin da lissafin bai kama ba. Ya ɗauka masu saye za su zo da tsofaffin garewaninsu. Ba su zo ba, domin garwar kanta kaya ce: ana fasa ta a yi rufin ɗaki, a yi murhu, a yi mazubi. Mai ya yi kwantai a tanki. Dole aka kafa wuraren ƙera garwa a tashoshin, aka shafa mata jan fenti. Ta Standard shuɗiya ce, kuma kafin ta iso ta lanƙwashe ta yi tsatsa, ta Samuel kuwa sabuwa fil. Wanda ya rage tsada, to ya duba ko abin da ya yanke ba shi ne mai saye ke so ba.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. An kafa Shell Transport and Trading a 1897 da jirage da tankuna da kasuwa, amma rijiyoyin kansa ba su taka kara sun karya ba. Da mai ya ɓarke a Spindletop ta Texas a 1901, Samuel ya ƙulla yarjejeniyar sayen mai ta shekara 21 da kamfanin Guffey mai rijiyoyi a can. Ba a jima ba rijiyoyin suka ja baya, har aka mayar da wasu jiragen dakon mai na dakon shanu. Royal Dutch na Holan kuwa, wanda aka kafa a 1890, yana da mansa a Sumatra, ga kuma shugabansa Henri Deterding, mutum mai tsantseni a lissafi. Da aka haɗe a 1907, Royal Dutch ya ɗauki kashi 60, Shell 40. Sunan Shell ne ya tsaya a gidajen mai, amma linzami na hannun mai rijiya.

Tambarin kansa labarinsa gajere ne. An koma siffar katantanwa mai kama da maficin hannu a 1904, launukan sun fito a Kalifoniya wajen 1915, Raymond Loewy ya daidaita zanen a 1971, daga baya aka cire sunan gaba ɗaya.

Sanuwa irin wannan tana da tsada. A 1995 Shell ya samu amincewar gwamnatin Birtaniya ya nutsar da rumbun mai na Brent Spar a teku. Ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta tayar da ƙura, direbobi a Jamus suka ƙaurace wa gidajen mansa, a watan Yuni ya janye. Takardar izini ba ta sayen fetur. A Nuwamban shekarar gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa, mai fafutuka kan ɓarnar mai a ƙasar Ogoni, da 'yan Ogoni takwas, sunan Shell, kamfanin da ya gano mai a Oloibiri a 1956, ya shiga bakin duniya. A 2009 ya biya dala miliyan 15.5 don sasanta ƙarar iyalansu, ba tare da amsa laifi ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNEP) na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni na iya cin shekara 25 zuwa 30.

Sai batun lissafi. Ajiyar mai da ake kira tabbatacciya tana da sharaɗi: man da kusan babu shakka za a iya haƙowa da fasaha da farashin da ake ciki. A Janairun 2004 Shell ya amsa cewa ganga biliyan 3.9 na mai da gas, kusan kashi 20 na abin da ya rubuta, ba su cika sharaɗin ba, kuma babban kaso na Najeriya ne. Shugabansa Philip Watts ya rasa kujera, hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 120. Masu jari suka ɗora laifi kan tsarin hukumomin gudanarwa biyu, ɗaya a Heg ɗaya a Landan, inda ba a san wuyan da za a kama ba. A 2005 aka soke rabon 60 da 40, aka dunƙule kamfanin wuri ɗaya. A 2022 aka cire Royal Dutch daga sunan, hedikwata ta koma Landan.