Laraba, wayar Yaya

Yau aiki bai yi yawa ba a asibiti, an sallami marasa lafiya biyu kafin azahar, na dawo gida da sauran ƙarfina. Ina cire takalmi sai ga wayar Yaya.

Maganar 'yarta ce. An yi mata hoton ciki, an ga ƙullutu a gidan ƙwanta na dama, santimita 8, likita ya ce sai an yi aiki. Yaya ta ce, "Ni fa ba na so a taɓa min yarinya, ko haihuwar fari ba ta yi ba. Wata ta ce min nata da kansa ya baje."

Na ce, Yaya, matar ba ta yi ƙarya ba, amma ba iri ɗaya ba ne. Wanda yake tasowa tare da al'ada, mai ruwa zalla, da bai kai santimita 5 ba, yakan baje cikin wata 2 zuwa 3. Na 'yarki kuwa takarda ta nuna irin wanda ake samun kitse da gashi, wani lokaci har haƙori a cikinsa. Wannan ba ya bajewa. Nauyinsa na iya murɗe gidan ƙwan, jini ya daina shiga. Ciwo ne na farat ɗaya a gefe guda, da amai, kuma in aka yi jinkiri gidan ƙwan da kike tsoron a taɓa shi za a rasa.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Tsaga ta za a yi?"

Na ce, ba lallai ba. In komai ya nuna ba mugun ƙari ba ne, da kyamara ake yi: huda 3 ko 4, kowace kamar santimita 1, a hura iska a cikin don a samu fili, a ɓare ƙullutun a bar gidan ƙwan. Ana sa shi a wata jaka kafin a fito da shi, don in ya fashe a ciki kitsen yana iya haddasa kumburi. Buɗe ciki sai in ƙullutun ya yi girma ƙwarai, ko ana zargin ciwon daji, ko an tarar hanji ya manne. Shi ya sa takardar amincewa take cewa ana iya komawa buɗewa ana tsakiyar aiki, ana kuma iya cire gidan ƙwan in jini ya ƙi tsayawa. Ko da hakan ta faru, na hagu in lafiyayye ne ya isa al'ada da haihuwa. Abin da aka ciro kuma dole a kai shi gwaji, a karɓo sakamako.

Sai ta ce, "To in huda ce kawai ai kwana biyu ta miƙe."

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai har yanzu. Ƙanƙantar ciwon waje tana ruɗar mutanen gida, su manta an yi yanka a ciki. Aikin kyamara ana sallama ranar ko washegari, amma jiki na neman mako 1 zuwa 2, wasu fiye. Na buɗewa kwanaki a asibiti, sannan mako 4 zuwa 6 ba ɗaukar kaya mai nauyi. Ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu ragowar iskar ce, yana wucewa. Ta riƙa tashi tana ɗan zagayawa tun ranar farko, don kada jini ya daskare a ƙafa. Amma zazzaɓi da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ruwa mai wari daga wurin ɗinki, ciwon ciki da ke ƙaruwa, amai ba tsayawa, kumburin ƙafa ɗaya ko numfashi sama-sama, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Abincin dare ya huce. Ban iya ci da yawa ba.

Yaya ta ce sai ta yi shawara da baban yarinyar. Na roƙe ta abu ɗaya: kafin su yanke, in ciwo ya taso mata da amai, ko tsakar dare ne, a wuce asibiti, kada a ba ta abinci ko ruwa a hanya, don wataƙila ɗakin tiyata za a shiga kai tsaye.