Yadda muka raba hadiƙar unguwarmu da iyalai a Jidda

Rusau ɗin da aka yi a Jidda a 2022 ya watsa mu. Mu da muka tashi a Karantina da Gulail da Sabil, kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa, filayen ƙasa da yaranmu ke buga tamaula kuwa suka tafi tare da gidajen. A unguwar da muka koma, hadiƙa, wato lambun shaƙatawa, ɗaya ce tal mai ciyawa da fitilu, ni kuma ga samarin da nake horarwa ba su da wurin wasa.

Wanda bai zauna nan ba zai ce a raba filin biyu a huta. Ai rigimar ta lokaci ce. Da zafi babu mai leƙowa waje kafin rana ta yi sanyi, saboda haka kowa Magariba zuwa sha ɗayan dare yake so: mata da dardumarsu da fulas ɗin shayi, tsofaffi masu ciwon suga da likita ya ce su riƙa tattaki, ƙananan yara, sai mu.

Wani dare ƙwallo ta daki fulas ɗin wata dattijuwa, shayi mai zafi ya malale dab da ƙafar jikanta. Na je ba da haƙuri. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ɗana, ku maza ne, ko'ina kuka je fili ne. Mu da ke ɗaki biyu da yara bakwai, ina za mu sha iska?" Na ce, "Gaskiyarki, Hajiya." Maganar nan ita ta kai ni wurin umda, wato mai unguwa, da limamin masallacinmu, na kuma roƙa a fara jin bakin mata kafin namu, don su ne ba a tambaya alhali sun fi kowa zama a wurin.

Abin da muka tsayar ba shi da yawa. Daren Alhamis da na Juma'a na iyalai ne, tunda hutun mako Juma'a da Asabar ne. Sauran ranaku muna shiga bayan Isha'i, a gefen da ya yi nisa da lilon yara. Gasar azumi ta bayan tarawihi kuwa karo-karo muke yi mu kama hayar filin ciyawar roba.

Ciyawar ita ta fi ba ni wahala. A nan ba damina ke tsirar da ita ba, ban-ruwa ake yi, a garin da ruwan shansa ma daga teku ake tacewa. Gaban gola ne ke fara mutuwa ya koma turɓaya, sai iyalai su rasa wurin shimfiɗa. Muka hana takalmi mai ƙusa, muna kuma matsar da raga duk mako. Samarin sun yi ta gunaguni, amma da suka ga tsiro ya dawo suka yi shiru.

Ƙasar nan ta Saudiyya za ta karɓi Kofin Duniya a 2034, kuma ina murna. Sai dai ni abin da nake fatan gani shi ne ƙananan filaye masu shingen waya a cikin unguwanni, kyauta, don yaron talaka kada ya zaɓa tsakanin ƙwallonsa da sararin mahaifiyarsa.

Har yanzu samarin wasu unguwanni na zuwa daren Alhamis ba su san da yarjejeniyar ba, sai na fita na lallashe su. 'Yan matanmu ma sun nemi nasu lokacin, mun ba su yammacin Talata.